Hajiyar da Ba Ta Ce Albarka Ba

Ba na son jan magana, don haka bari in fara da laifina. A shekarar da na cika ashirin da biyu na cuci wata tsohuwa a cikin gidanmu, a unguwar Mansur ta Makka, tana zaune a kan dardumar Umma, ko hannu ba ta gama gogewa ba daga cin tuwo. Kuma a daidai lokacin da nake cutar tata, duk layinmu babu wanda ya kai ni wa'azin adalci a saye da sayarwa.

Waya ce ta jawo min wa'azin. Bayan na gama sakandare na zauna a gida, ina taya Umma aiki, ina ɗan sayar da turare da gyale ta waya. Sai na faɗa kallon bidiyoyin manoman koko, wanda ake yin cakulan da shi, da masu tsinkar ganyen shayi, mutanen da ke wuni a rana, a biya su abin da ba zai sayi fakiti ɗaya na abin da suka noma ba. Abin ya tsaya min a rai. Daga nan na daina sayen komai sai na juya bayan fakiti na nemi ɗan tambarin nan da ke nuna an biya manomi haƙƙinsa. Gahawa, cakulan, ganyen shayi, duk sai na hau mota na je babban kanti, na biya ninkin kuɗin da ake sayarwa a baƙala, ɗan shagon bakin layinmu. Da abin ya tsaya a kaina ni kaɗai da sauƙi. Amma ni ba na iya yin shiru. In na ga Umma ta dafa shayin baƙala sai in ture kofin, in ce akwai gumin wani a ciki.

"Ke da kuɗinki," Umma ke cewa, ta ci gaba da tuƙinta.

Kaka kuwa, mahaifiyar Umma, ba ta bari ta wuce. Sai ta kurɓi nawa shayin, ta ɗaga kai sama kamar mai nazari, ta ce, "To uwar iya, tambarin ne ban ji ɗanɗanonsa ba, ko sai an ƙara sukari?"

Ita Kakar ce ta koya min ciniki. Tun ina 'yar shekara tara take jana kasuwar kayan gwari ta Ka'akiyya, in riƙe mata jaka, in kalli yadda take yi da masu tumatir. A wurinta na san tayin farko ba farashi ba ne, ƙwanƙwasa ƙofa ne kawai. Ki faɗi abin da ke kanki kin san ba zai yiwu ba. Mai kaya ya ce albarka. Ki ƙara, ya rage, ki yi kamar za ki tafi, ya kira ki, ku haɗu a inda kowa zai koma gida ba tare da jin an ci da guminsa ba. Na ƙware har na fi ta zafi. Kuma ban taɓa ganin wani karo tsakanin wannan da wa'azina ba. Manomin koko yana can nesa, a cikin waya. Wanda ke gabana kuwa abokin kokawa ne.

Duk lokacin Hajji Umma na sayar da tuwo a ɗakin ƙasa. Alhazanmu na Nijeriya da Nijar in shinkafa da kaza sun ishe su, sai su biyo ƙamshin daddawa har Mansur. Maza a ba su a leda su tafi, mata su shigo su zauna. Kamar mako guda bayan Arfa, da hantsi, wasu mata uku suka shigo sanye da atamfar alhazan jiharsu, koriya mai ɗigon fari. Biyu suka ci suka fita neman awarwaro a shagon gaba. Ta ukun, tsohuwa siririya mai ɗan rankwafawa, ta tsaya. Ta dubi ƙofa, ta dube ni, sannan ta kwance wani ƙunshi daga cikin jakarta.

Huluna ne na maza, goma sha biyu, an jera su ɗaya cikin ɗaya. Ni a Makka aka haife ni, ban taɓa taka Nijeriya ba, amma na san hular da mazan unguwarmu ke rububi ranar Juma'a da ranar Sallah. Waɗannan irinsu ne, har sun fi.

"Nawa-nawa, Hajiya?"

"Ke za ki faɗa, 'yar nan."

Na juya ɗaya, na taɓe baki yadda Kaka ta koya min, na ce, "Riyal goma-goma."

Kuɗin hular inji ke nan, irin wadda ake zubawa a ƙasa a bakin hanya. Na gyara zama ina jiran ta ce albarka mu fara. Ta daɗe tana kallon hulunan. Leɓenta na motsi kamar mai tasbihi. Sai ta tura min su gabana da hannu biyu.

"Na sallama. Allah Ya amfana."

Ba zan yi ƙarya ba, wani abu ya ɗan soke ni a ƙirji. Amma bai kai ƙiftawar ido ba. Na ce a raina wataƙila a can garinsu haka suke da araha, wataƙila ta lissafa da naira ta ga da yawa. Na haura sama da gudu na ɗauko kuɗi kafin ta sake shawara. Ta karɓa ba ta ko duba ba, ta yi wa Umma sallama ta bakin kicin, ta fita. Kafin La'asar na ɗauki hotunansu a kan farin zanin gado na ɗora a waya, riyal casa'in kowace. Har yau in na tuna abin da na rubuta a ƙasa sai in ji kamar in nutse: ɗinkin hannu, kai tsaye daga hannun mai ɗinki, babu dillali, cinikin adalci.

Washegari da safe Kaka ta sauko shan koko ta tarar da su a kan kujera. Idonta ya yi rauni, da yatsu take gani. Ta ɗauki ɗaya ta juya cikinta waje, ta bi zaren da babban yatsa. Ta ɗauki ta biyu, ta uku. Kafin ta zo Makka, tana budurwa a ƙauyensu, ɗinkin hula ne sana'arta, amma ban taɓa ganin ta riƙe allura ba.

"Hannu uku ne a nan," ta ce. "Wannan ta yarinya ce mai ƙarfin ja. Wannan ta mai haƙuri ce, ba ta tsallake ko gida ɗaya. Wannan kuwa tsohuwa ce, dubi inda ta ɓata ta warware ta sake. Kowace ɗaya ta ci wata guda, in ba ta fi ba. Nawa kika saya?"

Na faɗa mata, har da 'yar dariyata, ina jiran yabo.

Ba ta yi dariya ba. "Da kika taya, ta ce me?"

"Ta ce ta sallama."

"A tayin farko? Ba ta ce albarka ba?"

"To ni ina ruwana, Kaka? Kayanta ne. Ban ƙwace ba."

"Zuwanta na farko ne?"

Umma ce ta amsa daga kicin, ta ce e, jiya ta ji tana faɗa.

Kaka ta ajiye hular a cinyarta. "To ba ciniki kika yi ba. Kafin su taso ana tara su a yi musu bita, malamai su ja musu kunne: ban da musu, ban da jayayya a ƙasa mai tsarki. Gaskiya ne kuwa. Amma irin waɗannan bayin Allah na ƙauye sai su ɗauka har ciniki jayayya ne. Tsoro take kada ta buɗe baki ta ɓata Hajjin da ta yi shekaru tana tari. Na ga irinsu ba ɗaya ba. Da riyal guda kika ce, da ta ba ki." Ta ɗauki kofin kokonta. "Ke da ba kya shan shayin baƙala."

Na ɗauki waya na goge hotunan. Mutum biyu sun riga sun tambaya, ban amsa musu ba.

"Umma, ina masaukinsu?"

"Wajen Kudai, na ji sun ce. Kuma yau za a kwashe su zuwa Jidda, bayan La'asar."

"Wane gini?"

"Yo ni na sani? Tuwo na sayar musu, ban karɓi fasfo ba."

Na zuba hulunan a jaka, na kwashe duk abin da na tara na cinikin turare, na zura abaya. Kaka ta bi ni da murya har bakin ƙofa: "In kin same ta kada ki yi mata tsawa, na san halinki!"

Ƙarfe goma sha ɗaya na sauka a Kudai. Wanda bai san zafin Makka a wannan lokacin ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Kwalta na tururi, manyan motoci sun yi layi injinansu a kunne, suna ƙara hura wuta. Ko'ina jakunkuna ne, an ɗaure da igiya an rubuta suna da jan fenti. A mota ina ta gaya wa kaina abin mai sauƙi ne, tsohuwa siririya mai koriyar atamfa. Sai da na tsaya a bakin ginin farko na gane wautata. Jiha guda ce sukutum ta sa wannan atamfar. Mata ɗari-ɗari, rabinsu tsofaffi, rabin tsofaffin sirara. Ban san sunanta ba, ban san garinta ba. Don haushi na ɗaga murya na ce, "Hajiya!" Kawuna sun fi arba'in suka juyo.

Sai na ciro hula ɗaya na ɗaga sama, ina ratsa mutane, ina tambaya ko akwai wanda ya san mai wannan ɗinkin. Wani dattijo ya tare ni ya taya riyal ashirin. Na ce ba ta sayarwa ba ce. Ya ce ashirin da biyar. Na wuce shi kafin in faɗi abin da zan yi nadama. Gini na biyu, babu. A na uku mai gadi ya gaya min da Larabci cewa motoci huɗu sun riga sun tashi tun da safe, halas, wato shi ke nan, in wadda nake nema tana ciki sai dai in bi ta Jidda. Na zauna a kan dakalin ƙofar, jakar a cinyata. Goma sha biyu. Shekara guda cur ta zaman wasu mata da allura, ga ta a hannuna, kuma in ta tafi babu inda zan kai. Ba zan iya sayarwa ba, ba zan iya bayarwa sadaka ba tunda ba nawa ba ne, ba zan iya ajiyewa a ɗakina ina kallo ba.

Aka kira Azahar. Na yi salla a wani lungu cikin matan, a kan kwalin da wata ta matsa min. Ina sallamewa na sake ɗaga hular, hannuna har ya gaji. Sai na ji an damƙi abayata ta baya.

"Ke! Ina kika samo wannan?"

Wata mata ce ƙatuwa, haƙoran Makka biyu a bakinta, murya kamar lasifika. Daga baya na ji 'yar kasuwa ce a Kano, atamfa take sayarwa, zuwanta na bakwai ke nan. Ban gama bayani ba ta tafa hannu.

"La ilaha illallahu! Ke ce mai riyal goma! Jama'a ku zo ku ga mai riyal goma! Ɗakinmu ɗaya da baiwar Allahn nan. Jiya da ta gaya min sai da na ji jiri. Yarinya ƙarama da ke, a gaban Ɗakin Allah?"

"Hajiya, na ji. Tana nan ko ta tafi?"

"Au, har da saurin baki?"

"Tana nan ko ta tafi?"

Ta kalle ni sama da ƙasa, sannan ta ja hannuna. Muka shiga zauren ginin, muka tsallake jakunkuna, muka wuce inda ake awon kaya. Can ƙarƙashin matakala, a kan jakarta, ga tsohuwar zaune tana jan carbi. Na durƙusa a gabanta.

Tana ganin jakar hannuna fuskarta ta canza. "Ba su yi ba ne, 'yar nan? Wayyo, ga shi na riga na taɓa kuɗin, na sayi carbi da dabino na yara."

"Sun yi, Inna. Ni ce ban yi ba. Kuɗin da na ba ki ba kuɗinsu ba ne. Tayi na yi, na ɗauka za ki ce albarka."

"A'a, ni ban zo Makka jayayya ba. Na sallama, na kuma yafe."

"Faɗa mata sauran," in ji 'yar kasuwar. "Faɗa mata na waye."

Da ƙyar ta faɗa, tana kallon ƙasa. Huɗu ne nata. Huɗu na 'yarta ne. Huɗu na maƙwabciyarta, wadda mijinta ya rasu bara, ta ba ta amana don an ce a Makka suna daraja. Tun jiya take tunanin abin da za ta gaya musu. Ta yanke in ta koma za ta sayar da akuyarta ta cika musu, ta ce musu haka aka saya.

Na ce to ta faɗi kuɗinsu na gaskiya in biya. Ta girgiza kai. Na ce ciniki ba jayayya ba ne, ta tambayi kowane malami. Ta ce ita dai abin da ta ji a bita ta riƙe, saura ɗawafin bankwana ya rage mata, ba za ta ɓata a ƙarshe ba. Na ji muryata ta fara hawa, na tuna kashedin Kaka, na cije leɓe. Na ciro kuɗi zan tura mata, ta janye hannunta cikin mayafi. Ciniki ya riga ya faɗa, in ji ta, ƙari kuma ba ta san sunansa ba.

'Yar kasuwar ta ture wata jaka ta zauna daɓas a tsakaninmu. "Inna, yi shiru. Kin yarda a warware na jiya? Ɗaga kai kawai." Tsohuwar ta ɗaga. "Kin wakilta ni? To ke ja carbinki, ba ruwanki. In da zunubi a wuyana, ni na saba." Ta zazzage hulunan a cinyarta, ta juyo gare ni tana gyara ɗaurin ɗankwali. "Bismillah, 'yar Makka. Taya."

Na ce hamsin.

"Albarka!"

Har masu awon kaya sai da suka waiwayo. Ban taɓa jin daɗin a ƙi tayina ba sai ranar. Har na ji dariya na neman ƙwace min. Na ce hamsin da biyar. Ta ce in je in sayi ta roba. Na ce akwai wadda aka warware aka sake, ga wurin. Ta ce wannan shi ne shaidar hannu ne ba inji ba, ƙarin kuɗi ne ma. Na miƙe kamar zan tafi. Ta ce, "Zauna, wa za ki yi wa wannan? Tun ba a haifi uwarki ba nake kasuwa." Na sha ciniki a Ka'akiyya da Yamalawa da Bangalawa, ba a taɓa matse ni irin na ranar ba. Muka tsaya a saba'in da biyar. Duk abin da ke jakata, haɗe da na jiya, shida kawai ya iya saya.

"Saura shida," na ce. "Ba ni da kuɗinsu."

"Wa ya ce ke kaɗai ce mai kai a Makka?" Ta tashi da su a hannu ta nufi inda maza ke zaune suna jiran mota. "Alhazai, tsarabar Makka! Wanda bai saya wa surukinsa komai ba, ga dama ta ƙarshe!"

Dattijon nan mai riyal ashirin ya karɓi ɗaya ya juya. "Hajiya, wannan ai ɗinkin gida ne."

"Yanzu a ina kake tsaye, Alhaji?"

"Makka."

"To a ina ka saya?"

Aka kwashe da dariya. Ya biya tamanin yana ƙunƙuni. Kafin a fara kiran sunaye babu ko ɗaya a hannunta.

Tsohuwar ta raba kuɗin kashi uku, ta ƙulle kowane a kusurwar ɗankwali daban. Ba ta yi min godiya ba, kuma na ji daɗin hakan, don da ta yi ban san inda zan sa fuskata ba. Tambayata ta yi yadda aka yi na gane. Na ce kakata ce ta juya cikin hular ta karanta min, har ta ce hannu uku ne. Ta yi murmushi na farko tun da na ganta. Ta laluba jakarta ta ciro wata 'yar ƙaramar hula ta yara, an yi rabi, allurar na soke a jiki, da ƙullin zare shuɗi.

"A Mina na fara ta. Ga gyara. Kai wa kakar taki ta ƙarasa."

Na tsaya har suka dawo daga Harami, har aka loda su. Ta tagar mota na hango koren mayafi yana ɗaga min hannu, ban tabbata nata ba ne, na ɗaga nawa.

Na isa gida gab da Magariba, ƙafafuna sun kumbura, wuyana ya bushe. Umma ta miƙo min shayi, na baƙala, na shanye na miƙa kofin a ƙara. Kaka ta yi tari irin na gangan. Na ba ta 'yar hular da saƙon. Ta shafa ta, ta zare allurar, ta kama hannuna ta danƙa min.

"Idona ya tafi, uwar iya. Ke za ki ƙarasa. Zan nuna miki."

Shidan nan na sayar da su casa'in-casa'in, kuma duk wanda ya tambaya na gaya masa nawa na saya. Har yanzu ina juya bayan fakiti a kanti, har yanzu ina ciniki a Ka'akiyya kamar za a yi dambe. Sai dai in na taya aka ce an sallama tun a karon farko, ba na ɗauka, tambaya nake yi. 'Yar hular kuwa yau shekara biyu ke nan tana cikin gwangwanin alawa a gefen gadona. Na yi layi goma sha ɗaya, Kaka ta sa na warware bakwai.